Yadda Manomi Zai Matse Ragowar Amfanin Gona Ya Sayar wa Masu Samar da Makamashi

Duk wanda ya taɓa loda wa babbar mota karan masara ya san wannan takaici. An yi lodi har ya zarce kan mota, an ɗaure tamau da igiya, wanda ya hango daga nesa zai rantse dukiya aka ɗauko. Ana hawa sikeli sai gwiwa ta yi sanyi: tan ɗaya da rabi. Man da motar ta sha ya kusa cinye kuɗin kayan. Babu wanda ya cuci manomin nan, dakon iska ya yi bai sani ba.

Ga lissafin. Akwati mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi, wato mita kubik ɗaya, idan aka cika shi da kara a warwatse, nauyinsa bai wuce kilo 50 ba. Amma ainihin naman tsiro, in an cire duk wata kafa da ke cikinsa, yana kai kusan kilo 1,500 a wannan akwatin. Kenan abin da ke cin wuta a lodinka bai kai kashi 4 cikin 100 na girmansa ba. Motar da ke ɗaukar mita kubik 30 za ta kwashi tan 1.5 na kara a warwatse, ko tan 4.5 in inji ya ɗaure shi dami-dami, ko fiye da tan 19 in an mayar da shi 'yan ƙananan curi masu tauri. Mota ɗaya, direba ɗaya, hanya ɗaya.

Don haka aikin gaba ɗaya shi ne korar abu biyu daga kayanka kafin su hau mota: iska da ruwa. Masana sun shafe shekaru sama da 400 suna nazarin yadda ƙwayoyi ke zama a cikin mazubi da yadda suke manne wa juna, kuma abin da suka gano yana da amfani kai tsaye ga mai kara da ɓuntu. Zan kawo shi a inda ake bukatarsa.

Mataki na 1: Fara daga wurin mai saye

Kada ka sayi inji ko ka tara kara kafin ka san wa zai ƙona shi, kuma a wace irin wuta. Tashar lantarki, masana'anta mai tukunyar tururi, mai gasa bulo da mai murhun gida, kowa da abin da yake so. A Danmak, yarjejeniyar da aka ƙulla a 1993 ta wajabta wa kamfanonin lantarki ƙona tan miliyan 1.2 na karan hatsi a shekara, kuma a can manya-manyan dami masu kusurwa huɗu ake kaiwa, kowane ɗaya kimanin kilo 500, domin su ne ƙugiyar tashar take iya ɗauka. Tashar Drax ta Ingila curin katako take ƙonawa, miliyoyin tan a shekara. A Indiya, inda ƙona karan shinkafa a gonakin Punjab da Haryana ke turnuƙe sama da hayaƙi kowace kaka, gwamnati ta umarci tashoshin lantarki masu ƙona kwal a 2021 su riƙa gauraya kashi 5 cikin 100 na curin ragowar gona. A Barazil kuwa masana'antun sukari da tuƙar rake suke samar da wutarsu, har su sayar da rara.

Ka tambayi mai sayenka abu huɗu, ya ba ka amsa a rubuce: siffa da girman da yake karɓa, iyakar danshi, iyakar toka, da watannin da yake bukatar kaya. In yana kusa da kai, watakila dami kawai ya isa, ba sai ka sha wahalar niƙa ba. Nisa ne ke sa matsewa ta biya kuɗin sabulu.

Mataki na 2: Ware rabon gona kafin rabon kasuwa

Wannan matakin ya fi sauran damu na, domin kuskurensa ba ya bayyana sai bayan shekaru. Kara abincin ƙasa ne. Shi ke tare zaizayar ruwa da iska, shi ke riƙe laima, kuma yawancin sinadarin fotasiyam da shuka ta zuƙa yana cikin kara, ba cikin ƙwaya ba. Masana noma suna son a bar aƙalla kashi 30 cikin 100 na fuskar gona a rufe da ragowa bayan shuka, kuma gona mai gangara ko mai rairayi tana bukatar fiye da haka. Wanda ya share gonarsa ƙarƙaf don ya sayar, kuɗin da ya karɓa zai mayar da su wurin mai taki. Ka cire na gona, ka cire na dabbobi, abin da ya saura shi ne haja.

Shi ya sa na fi son a fara da abin da ya riga ya bar gona tun wajen girbi: ɓuntun shinkafa, totuwar masara, ɓawon gyada, tuƙar rake. Ɓuntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shinkafar da ba a casa ba, kuma a tare yake wuri guda. Masara kuwa, kowane tan na ƙwaya yana barin kusan tan guda na kara da ganye da totuwa.

Wajen tarawa ka guji ƙasa. Yanka kara sama da ƙasa kaɗan, kada a tumɓuke da saiwa, kada a ja shi a ƙasa, a zuba a kan tamfol ko siminti. Yashi ba ya cin wuta, yana ƙara toka, yana kuma cinye haƙoran inji.

Mataki na 3: Auna danshi da sikeli

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wajen danshi, ido bai san komai ba. Kara yakan bushe ƙayau a waje alhali bargonsa jiƙe yake.

Ɗebi samfur daga wurare biyar ko shida na tarin, har da can cikin tsakiya, ka yayyanka, ka gauraya, ka auna giram 500 daidai. Busar da shi a zafin digiri 105 a ma'aunin Selsiyos, wanda shi ne zafin da ɗakunan gwaji suke amfani da shi. In ba ka da tanda mai ma'aunin zafi, shimfiɗa shi a faranti bisa wuta marar ƙarfi, kana juyawa, kada ka bari ya yi ƙauri. Ka riƙa aunawa lokaci zuwa lokaci har nauyin ya daina raguwa. A ce ya tsaya a giram 410. Ruwan da ya fita giram 90 ne. Raba 90 da 500, ka samu kashi 18 cikin 100.

Me ya sa wannan lamba take da nauyi haka? Busasshen tsiro kilo ɗaya yana ba da zafi kimanin megajul 18 (megajul ma'aunin yawan makamashi ne). Ruwa kuwa ba ya ba da komai, har ma yana cin nasa, domin kowane kilo na ruwa sai ya sha megajul 2.44 kafin ya zama tururi. Kilo ɗaya mai danshi kashi 12 zai ba da kamar megajul 15.5. Mai kashi 30 zai ba da kusan 12. Ɗanye mai kashi 50 bai kai 8 ba. Mai saye ya san wannan lissafin sarai, saboda haka kai ma ka san shi.

Nufi kashi 10 zuwa 15 kafin matsewa. Shanya a baje, ba a tsibe ba, a inda iska ke ratsawa. Wani abu kuma da manoman Danmak suka daɗe da lura da shi: karan hatsin da ruwan sama ya ɗan doke shi a gona har ya yi toka-toka, sannan ya sake bushewa, ya fi sabon rawaya daɗin ƙonawa. Ruwan yana wanke wani kaso na kulorin da fotasiyam, waɗanda su ne ke sa toka ta narke ta daskare a jikin tukunyar tururi, ta kuma ci ƙarfe.

Mataki na 4: Gwajin kwalba

A nan zan ɗan daɗe, domin wanda ya fahimci wannan ba sai an gaya masa sauran ba. Gani ya kori ji, don haka ka yi gwajin da hannunka.

Nemi kwalba mai lita ɗaya. Cika ta da ƙwallayen gilashi ko tsakuwa masu girma ɗaya, ka bubbuga gindinta a tebur har su daina sauka, ka ƙara har baki. Kwalba ta cika, a ganin ido. Yanzu ka zuba ruwa daga kofin awo har ya zo baki. Za ka sha mamaki: ruwa mililita 360 zuwa 400 zai shige. Wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwalbar da ta “cika” fanko ne.

Wannan ba laifin hannunka ba ne. A 1611 masanin taurari Johannes Kepler ya yi hasashen cewa ƙwallaye masu girma ɗaya, ko da an jera su ɗaya bayan ɗaya a tsari mafi kyau, ba za su cike fiye da kashi 74 cikin 100 na wuri ba. Sai a 1998 Thomas Hales ya sanar da hujjar lissafi da ta tabbatar da hakan, da taimakon kwamfuta. To amma babu manomin da zai zauna jera ƙwaya ɗai-ɗai. Abin da aka zuba aka girgiza, kamar yadda G. D. Scott ya auna da ƙwallayen ƙarfe a 1960, yana tsayawa ne a wajen kashi 64, in kuma ba a girgiza ba, kusan 60 ko ƙasa da haka. Abin lura shi ne girman ƙwallo bai canza komai ba. Manya zalla kashi 64, ƙanana zalla ma kashi 64. Saboda haka niƙa kaya ya yi laushi luƙui, shi kaɗai, ba ya korar iska.

Zubar da ruwan, ka busar da tsakuwar, ka sake cika kwalbar. Wannan karon busasshen yashi mai laushi za ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kana bubbugawa. Ka sa ido a jikin gilashin: za ka ga yashin yana silalewa ta tsakanin tsakuwa kamar ruwa, yana cike kafofi daga ƙasa zuwa sama, tsakuwar kuma ko gezau. Nauyin kwalba ya ƙaru, girmanta bai ƙaru ba. Wannan shi ne abin da C. C. Furnas ya lissafa a 1931: manya su kafa gini, ƙanana su cike giɓi. A lissafi, irin wannan haɗi zai iya kai kashi 87, kuma mafi kyawunsa yana wajen kashi 70 manya, 30 ƙanana. A 1961 R. K. McGeary ya nuna cewa sai ƙaramin ya gaza babban da aƙalla ninki bakwai kafin ya iya kurɗawa ta ƙofar da ke tsakanin manya uku da suka haɗa kai. In girmansu ya yi kusa, ƙaramin zai tsaya a ƙofa ya ture manyan, giɓi ya ƙaru. Da girma huɗu daban-daban, McGeary ya kai kashi 95.

Saura siffa. Kara ba ƙwallo ba ne, sanda ce. Albert Philipse ya nuna a 1996 cewa sanduna dogaye da aka zuba barkatai suna harɗe juna, kuma cikarsu tana raguwa daidai da yadda tsawonsu ya ninka kaurinsu. Sandar da tsawonta ya ninka kaurinta sau 50 ba ta cike fiye da kamar kashi 11. Ka ga asirin waccan motar da muka fara da ita. Yanka kara gajeru shi ne mataki mafi arha da zai ninka nauyin lodinka, tun kafin a zo maganar inji.

Mataki na 5: Niƙa, tankaɗe, ka gauraya a bushe

Daddatsa karan, sannan a niƙa a injin niƙa mai guduma. In curi 'yan ƙanana masu kaurin milimita 6 ko 8 za a yi, rariyar injin ta zama mai huda milimita 3 zuwa 6. In manyan dunƙule ne, ɓarbashi mai milimita 6 zuwa 8 ya yi. Tankaɗe abin da aka niƙa da rariya biyu don ka samu tsaki daban, gari daban.

Sannan ka maimaita gwajin kwalba da kayanka, amma da bokiti da sikeli. Haɗa tsaki da gari kashi 80 da 20, ka cika bokiti, ka buga shi ƙasa sau goma, ka share baki, ka auna. Sake yi da 70 da 30, sannan 60 da 40. Haɗin da ya fi nauyi shi ne naka, ka rubuta shi. Ɓawon gyada da totuwa ba za su ba ka amsa ɗaya ba, tunda siffar ɓarbashinsu ta bambanta, kuma lambobin masana na ƙwallaye ne masu santsi. Hanya suke nunawa, bokitinka ne zai yanke hukunci.

Kuskuren da na yi a karon farko shi ne na zuba ruwan ɗauri, wato abin da ke manne ɓarbashi da juna, a kan gari tukuna, sannan na kawo tsaki. Nan take garin ya cure 'yan gudaji-gudaji, ya ƙi shiga tsakanin tsaki, kuma da dunƙulen suka bushe na fasa guda na tarar da cikinsa ramuka kamar gidan tururuwa. Dalilin sananne ne. Thomas Witten da Leonard Sander sun nuna a 1981 cewa idan ƙwayoyi suna mannewa a daidai inda suka fara taɓa juna, ba su samu damar gangarawa cikin rami ba, abin da ke fitowa curi ne mai rassa-rassa, kuma yana girma yana ƙara zama fanko. Magina sun san irin wannan: yashi mai ɗan danshi yakan kumbura da kashi 20 zuwa 30 fiye da busasshe. Don haka a gauraya a bushe har gari ya zauna a mazauninsa, ɗauri ya biyo baya.

Mataki na 6: Matsewa

Hanya biyu ce, kuma ba kasuwa ɗaya suke zuwa ba.

Ta farko ita ce ta ƙaramin ƙarfi, wato dunƙulen gawayi. Ka samu gangar ƙarfe mai lita 200, ka huda gindinta ƙananan huda, ka yi mata murfi mai bututun hayaƙi. Cika ta da busasshiyar totuwa ko kara, ka kunna. Da fari hayaƙi zai fito fari, mai kauri, yawancinsa tururi ne. In ya sirance ya koma shuɗi-shuɗi, sai ka toshe hudojin ƙasa da turɓaya, ka rufe bututu, ka bar ta ta huce har gobe. Kada ka buɗe da zafinta, gawayin zai kama da wuta ya zama toka a gabanka. Kilo 100 na busasshen kaya zai ba ka gawayi kilo 25 zuwa 30. Gaskiyar magana, wajen rabin makamashin yana tafiya cikin hayaƙi, shi ya sa wannan hanyar ta fi dacewa da masu murhu da ƙananan sana'o'i, waɗanda ke biyan kuɗi don wuta marar hayaƙi.

Gawayi ba ya manne wa kansa, sai da ɗauri. Sitacin rogo ko na masara ya fi komai sauƙi: rabin kilo zuwa kilo ɗaya ga kowane kilo 10 na garin gawayi. Dama shi da ruwan sanyi, ka zuba cikin tafasasshen ruwa kana motsawa har ya yi yauƙi ya washe. Sitaci yana fara kumbura ne daga digiri 60 zuwa 70, kuma ɗanyensa ba ya ɗaure komai. Yumɓu ma yana ɗaurewa, sai dai duk abin da ka zuba toka ce ka ƙara.

Yawan ruwa shi ne inda gwaninta take. Hans Rumpf na Jamus, wanda ya tsara hanyoyin da ƙwayoyi ke riƙe juna, da kuma Newitt da Conway-Jones a 1958, sun bayyana cewa ruwa kaɗan yana kafa 'yan gadoji ne tsakanin ƙwaya da ƙwaya, riƙo marar ƙarfi. Riƙon yana ƙaruwa har lokacin da ruwa ya kusa cike dukkan kafofi. In ya wuce nan sai abin ya zama caɓi. Hannunka zai gaya maka. Damƙi cikin tafi ka matse da ƙarfi, ka buɗe. In ya wargaje, ruwa ya yi kaɗan. In ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa. Wanda ake nema zai tsaya da shatin yatsunka a jikinsa, fuskarsa tana ɗan sheƙi, tafinka ya yi laima amma ba ɗigo.

Zuba a bututun ƙarfe mai faɗin santimita 5 zuwa 7, ka danna da jak ɗin mota. Kada ka saki nan take. Riƙe shi daƙiƙa 20 zuwa 30 domin iska ta fita, ɓarbashin kuma ya saduda, in ba haka ba zai sake kumbura kamar soso. Kada dunƙulen ya cika tsawo, saboda jikin bututu yana shanye ƙarfin dannawa, sai sama ta yi tauri ƙasa ta yi sako-sako. Ka sa sanda a tsakiyar bututun don dunƙulen ya fito da rami. Mun kori iska don mota, amma wuta tana bukatarta, kuma ramin nan yana gaggauta bushewa.

Hanya ta biyu ita ce ta babban inji, kuma ita ce masana'antu da tashoshin lantarki suka fi saye. Ba a gawayi, ba a sitaci. Injin yana danna garin da ba a ƙona ba da ƙarfin da ya haura kilo 1,000 a kan kowane santimita murabba'i, gogayya ta kawo zafi, sai sinadarin liginin da ke jikin tsiro ya yi laushi ya zama gam, ya daskare in ya huce. Danshi ya tsaya tsakanin kashi 8 da 15, gwargwadon irin injin. In ya bushe da yawa curin ba zai kama ba. In ya jiƙe, tururi zai tsattsaga shi yana fitowa. Ɓuntun shinkafa yana da toka kusan kashi 20, yawancinta silika, mai cin ƙarfe kamar sanfefa, don haka ka sa kuɗin gyaran inji cikin lissafi tun farko, ko ka gauraya shi da garin katako. Irin wannan inji ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, kuma ba ya biyan kansa sai yana aiki yawancin shekara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin ƙungiyar manoma ne.

Mataki na 7: Busarwa, gwaji da ajiya

Dunƙulen gawayi ya yi yininsa na farko a inuwa mai iska, sannan a kai rana. Rana mai zafi tun farko tana busar da fatar waje ta tsuke, ciki na jiƙe, sai ya dare. Ka ware guda uku kana auna su kullum. Ranar da nauyi ya daina sauka, sun bushe. Daga nan ka saki ɗaya daga tsayin kafaɗa bisa siminti. In ya tsaya, ko ya rabe biyu, madalla. In ya tarwatse, ba zai jure hanya ba: ƙara ɗauri ko ka sake duba haɗin tsaki da gari. Ƙona wasu ka auna tokar. Ga masu curin inji, ƙa'idar inganci ta ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 17225 ita ce yawancin manyan masu saye ke dubawa. Curin katako na sahun farko danshinsa bai wuce kashi 10 ba, tokarsa bai wuce 0.7 ba, kuma mita kubik ɗaya ya kai kilo 600. Curin kara yana da nasa rukunin, mai sassauci wajen toka.

A wajen ajiya, halin ƙwayoyi yana nan bai canza ba. Girgizar mota tana tura gari ƙasa, manya su taso sama, don haka samfurin da aka ɗeba a saman lodi ƙarya yake yi. Ƙofar rumbu ko mazurari in ta yi ƙanƙanta, ɓarbashi zai yi gada a samanta ya toshe. Ta ninka girman curi aƙalla sau shida, in kaya mai zare ne fiye da haka nesa. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin irin wannan gada don ya soke ta.

Abu biyu suna kisa, ina roƙonka ka ɗauke su da gaske. Na farko, tarin da danshinsa ya haura kashi 20 yana yin zafi da kansa saboda ƙwayoyin halitta da ke cinsa. Ka soka dogon ƙarfe mai ma'aunin zafi cikin tsakiya: daga digiri 55 a riƙa dubawa kullum, a 65 zuwa 70 haɗari ya matso, a 80 wuta na iya tashi da zarar iska ta shiga, saboda haka kada a buɗe tarin sai masu kashe gobara na wurin. Na biyu, curin katako da aka tara a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba wari ba launi, kuma ta kashe mutane a sito da cikin jiragen ruwa. A buɗe ƙofofi iska ta ratsa sosai kafin a shiga, kuma mai shiga ya bar wani a bakin ƙofa. Ƙurar niƙa ma tana fashewa in ta cika ɗaki ta haɗu da tartsatsi, don haka a riƙa shara, ba taba, ba walda.

Mataki na 8: Yarjejeniya

A ƙulla ciniki a kan busasshen nauyi. Tan 10 mai danshi kashi 30, tan 7 ne na gaske. Tan 10 mai kashi 12 kuwa tan 8.8 ne. In farashi bai bambanta su ba, wanda ya wahala wajen shanya shi aka zalunta. A rubuta yadda za a rage ko a ƙara kuɗi a kan kowane kashi ɗaya na danshi, iyakar da za a mayar da kaya, wa ke biyan mota in an mayar, da kwana nawa za a biya bayan saukewa. Girbi sau ɗaya ko biyu ne a shekara, amma tukunyar tururi kullum take ci, saboda haka wani ne zai yi ajiya na watanni; in kai ne, kuɗin rumfa da asarar nauyi su shiga farashin watannin baya.

Ka nemi a dawo maka da tokar ƙasan tukunya in kayan tsiro zalla aka ƙona ba a gauraya da kwal ba, bayan an gwada ta, domin fotasiyam ɗin gonarka yana cikinta. Ranar sauke kaya kuma ka tsaya da kanka ko wakilin ƙungiya. A ɗebi samfur daga sama, tsakiya da ƙasan lodi a gaban kowa, a gauraya, a raba gida uku a leda mai kauri, a ɗaure iska ba ta shiga, a rubuta kwanan wata da lambar mota, ku duka ku sa hannu. Ɗaya na mai saye, ɗaya naka, na ukun a ajiye shi a rufe har sai an biya kuɗin lodin.